Hannun Baba da Ɗan Farinsa

Ranar da muka fara zaman makokin Baba, tabarmin gidanmu ba su isa ba, sai da aka aro na masallacin unguwa, aka tare rabin layi, masu babur suna zagayawa ta baya. Mutanen cikin Daura sun zo, na ƙauyuka sun zo, har da waɗanda suka tsallako daga Nijar. Ni ne babban ɗa, don haka ni aka zaunar kusa da Baffa, ƙanin Baba, ina karɓar gaisuwa.

Wani tsoho dillalin shanu daga wajen garin Babban Mutum ya durƙusa gabana, ya ce, “Ya haƙuri?” Na ce da godiya. Maimakon ya matsa, sai ya yaye rigarsa har ƙirji a bainar jama'a. Wani dogon tabo ya ratsa cikinsa.

“Ka ga nan? Bijimi ne ya soke ni a kara. Hanjina a hannu aka kawo ni. Likita ya mayar da su, ya ɗinke, wallahi ko tela bai fi shi ba. Yo yanzu wa zai ɗinke mu?”

Kamar jira ake yi. Wani direba ya naɗe wando ya nuna gwiwa. Wani mahauci ya miƙo babban yatsa da aka ce a yanke, Baba ya hana. A cikin gida, mata suna turo manyan 'ya'yansu gaban Inna, suna cewa wannan a hannunsa ya faɗo, wannan ta ƙafa ya taho shi ya juya shi. Kowa da inda hannun Baba ya sauka a jikinsa, kuma kowa sai ya nuna.

Ina ta amsa amin. Ba zan sakaya ba: kishi nake yi. Kishin dillalin shanu, kishin mahauci da yatsansa. Ni da na fito daga tsatson mutumin, ni da na bi sawunsa na karanta aikin likita, ba ni da wuri ɗaya a jikina da zan ce nan ya ɗora hannu. Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, amma wanda zai karanta ya sani, ɗa ne mai jin haushi ya rubuta.

Laifina ɗaya, ni ne ɗan fari. Baba ya yi boko har ya ƙure, yana karanta littattafan Turawa yana gyara musu kuskure da jan biro, amma kunyar ɗan fari ya riƙe ta kamar mutumin da bai taɓa shiga aji ba. Bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami “yaron nan” nake. Da na girma na koma “wancan”. Idan yana son magana da ni, sai ya dubi wanda ke kusa, ko da katanga ce, ya ce, “A gaya wa wancan ya rage yawo.” Inna ma haka take, shi ya sa tun yaye aka miƙa ni ɗakin Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida. Ƙannena kuwa hawa kafaɗarsa suke yi, suna ja masa gemu.

Ga shi mutum ne da duk aikinsa a hannu yake. Kafin ya taɓa mara lafiya sai ya murza tafukansa har su yi ɗumi, ko da a tsakiyar bazara ne. Abin sauraren ƙirjin ma sai ya dumtse bakinsa a hannu tukuna. Ya kan ce, “Wanda ya zo da ciwo ya riga ya tsorata, kada ka ƙara masa da sanyin ƙarfe.” Ba ya fara tambayar ina ke ciwo. Sai ya tambayi gero ya yi kyau bana, wa ke dafa maka abinci, me ka ci jiya. Yana hirar yatsunsa na kan wuyan hannun mutum. Kafin a gama zancen damina ya san rabin abin da ya kawo shi. Bayan ya yi ritaya daga asibitin gwamnati, zauren gidanmu ya koma wurin duba marasa lafiya, kuma ta tagar zauren nan na yi shekaru ina kallon hannun da bai san hanyar goshina ba.

Yana da wata ɗabi'a da abokan aikinsa suke ganin ta wuce gona da iri. Duk wanda ya mutu a hannunsa, sai ya raka shi. Idan talaka ne mara dangi, shi zai tuɓe rigar aiki ya yi masa wanka, ya bi makara har makabarta, ya shiga rami ya karɓe shi. Wata rana wani babban jami'i ya yi masa magana, ya ce likita ba ya bin gawa, mutane za su ce shaidar aikinsa yake rakiya. Baba ya ce, “To ai ita ce. Ni na karɓe shi da rai, ni zan miƙa shi.” Ba su ƙara gaisawa da fara'a ba har mutumin ya bar garin.

Ni fa, idan na kwanta ciwo? Ina tuna shekarar da ƙyanda ta kama ni. Ina kwance a ɗakin Gwaggo da rana tsaka, idona ya kumbura, sai na ji takun takalminsa ya tsaya a bakin ƙofa. Bai ɗaga asabari ba. Ƙafafunsa kawai nake gani ta ƙasa.

“Ki murza hannunki tukuna,” ya ce da Gwaggo. “To, taɓa bayan kunnensa. Akwai ƙulli? Buɗe bakinsa ki dubi cikin kumatu. Sa kunnenki a bayansa, ki ce ya ja numfashi. Me kika ji?”

“Yaya, ni me na sani? Kamar ana taka busasshen ganye. Don Allah ka shigo ka duba ɗanka!”

“Dama ko hagu?”

“Dama.”

“Ya isa. Za a kawo allura.”

Nas ce ta zo ta yi allurar. Na warke sarai, ban musa ba, aikinsa daidai ne ko ta bayan asabari. Amma ranar na juya fuskata bango na yi kuka, Gwaggo ta ɗauka zafin allura ne.

Sai kuma ga wanda garin nan ke kira Ƙaramin Likita. Sa'ana ne, ɗan wani manomi. Sanƙarau ya kawo shi hannun Baba muna 'yan makarantar sakandare, ya tashi da ƙyar, daga nan ya manne wa gidanmu. Tare muka shiga jami'a, tare muka fito. Baba yana kiran sunansa gatsal, sau goma a yini, har da daɗa masa kirari. Yana kama hannunsa ya ɗora a cikin mara lafiya, ya danne da nasa, ya ce, “Ji nan. A'a, sassauta, ba kwaɓin fura kake yi ba.” Ni ina tsaye a gefe da farar riga irin tasa, sai a ce, “A gaya wa wancan ya matso ya gani.” Na fi shi maki a kowace jarrabawa, kuma ina so a rubuta wannan a wani wuri. Mutumin kirki ne, bai taɓa yi mini komai ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Da na samu aiki a wani babban asibiti a ƙasar Larabawa, ban tsaya dogon tunani ba. Rabin ajinmu sun riga sun watse, wasu Turai, wasu can inda na nufa. Aikin da na tarar wani iri ne. Kafin mara lafiya ya shigo, sakamakon jininsa da hoton cikinsa sun riga shi zuwa kan kwamfuta. Ina kallon allo fiye da yadda nake kallon fuska. Na'ura ce ke fara duba hoton ƙirji ta yi da'ira a inda take zargi, ni in tabbatar. Wasu marasa lafiyar ma ba sa zuwa, ta waya muke ganin juna, sun riga sun bincika ciwonsu, sun zo da sunan maganin da suke so. Idan zan taɓa mutum sai da safar hannu, da izini, da shaida a tsaye, saboda tsoron ƙara. Ina warkar da cututtukan da a zamanin Baba sai dai a yi wa mutum addu'a. Amma in na mutu a can, babu wanda zai yaye riga saboda ni.

Baba ya raɗa mini sabon suna, “likitan waya”. Idan na kira gida, sai ya sa a riƙe masa wayar nesa, ya ce da mai riƙon, “Tambaye shi, yau mutum nawa ya duba bai ji warinsu ba?” Raina ya kan ɓaci. Sau da yawa na so in ce masa, Baba, ai kai ka fara duba mara lafiya daga nesa, a bakin ƙofar Gwaggo na koya. Ban taɓa faɗa ba. Ba a yi wa Baba irin wannan magana, kuma ko na yi, katanga zai ba amsa.

Rigimarmu ɗaya ce, kuma a kan Gwaggo aka yi ta. Na zo hutu na tarar ta rame, tana fama da ciwon ciki. Baba ya danna, ya saurara, ya ce gyambon ciki ne, yana ta ba ta magani wata da watanni. Na ce a kai ta a yi hoto. Ya dubi Baffa ya ce, “A gaya wa wancan, tun ba a haife shi ba nake danna cikin mutane.” Ni ma na dubi Baffa na ce, “A gaya wa Baba, yatsa ba ya gani ta cikin hanta.” Baffa ya rasa inda zai sa kansa, ya ce shi dai ba ɗan aike ba ne, ya tashi ya fita. Kwana biyu gidan babu mai dariya.

A rana ta uku Ƙaramin Likita ya sa Gwaggo a mota ya kai ta Katsina. Hoto ya nuna maɗaciya cike da tsakuwa. Aka yi mata aiki ta 'yan ƙananan huji, ba a tsaga ta ba, cikin mako ta koma dakan yaji. Na zauna ina jira. Da yamma Baba ya kira Ƙaramin Likita da sunansa, ya dafa kafaɗarsa, ya ce, “Allah ya yi maka albarka da ka kai ta.” Shi ke nan. Ni na faɗa, shi aka dafa.

Abin da ya biyo baya ya fi ciwo. Baba ba mai taurin kai a kan gaskiya ba ne. Da aka kawo ƙaramar na'urar hoton ciki asibitin da Ƙaramin Likita ke aiki, tsohon nan ya ɗauki sandarsa ya tafi, ya zauna a benci kamar ɗalibi, tabarau a kan hanci, yana tambaya, “Wannan baƙin fa? Wannan farin fa?” Aka turo mini hotonsu a waya, kawunansu a haɗe. Ni da nake koyar da wannan aikin ga likitocin ƙasashe daban-daban, ubana ya je wajen wani ya koya. Na kashe wayar, ranar ban ci abincin rana ba.

Na taɓa yi wa Ƙaramin Likita gori a kan haka. Ya yi dariyar gajiya ya ce, “Dakta, kai kana ganin na gaji Baba? Ku kun tafi kun bar ni da layin da ba ya ƙarewa. Kafin in tambayi mutum gero ya yi kyau, na bayansa ya suma. Rabin lokacina a cike bayanai a kwamfuta yake tafiya, in akwai wuta. Rabon da in raka gawa har na manta. Irin aikin Baba ya ƙare, daga ni har kai babu mai yin sa.” Na ji shi, amma ban tausaya masa ba. Ko ba komai shi an dafa shi.

Ciwon ajalin Baba ni na fara ganinsa, kuma ta wayar da yake yi wa ba'a. Ranar Sallah ce, ƙanwata ta juyo mini fuskarsa don in yi masa barka. Farin idonsa ya yi rawaya, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na sa aka kira Ƙaramin Likita, aka jingina wayar a kan akwati, na ce ya kwantar da shi.

“Danna ƙarƙashin haƙarƙari ta dama. Ce ya ja numfashi. Me ka ji?”

Muryar Baba ce ta fito, a natse, kamar yana koyarwa. “Gaya masa gefen hantar ya sauko, da tauri, da ƙulli-ƙulli. Gaya masa abin da yake zato, shi ne.”

Gwaji ya tabbatar, ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa. Na ce a kawo shi wajena, akwai abin da za a iya gwadawa. Ya ce a gaya wa wancan, ya raka mutane da yawa makabartar garin nan, ba zai je inda babu wanda ya san shi ya mutu ba. Sai na ajiye aiki na taho.

A jirgi abu ɗaya nake saƙawa. Yanzu kam dole. Yana kwance, ni likita ne, ciwon kuma fannina ne. Zan riƙe wuyan hannunsa, zan sa kunne a ƙirjinsa, ko sau ɗaya, kafin ƙasa ta rufe shi. Na shiga ɗakin da sallama, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa hannu. Ya ja mayafi ya rufe hannunsa, ya dubi Ƙaramin Likita da ke zaune a bakin gado, ya ce, “A ce wa wancan ya sha hanya, ya je ya huta. Ga likitana nan.”

Makonnin da suka biyo baya a bakin ƙofa na yi su. Ni ke tsara magani, ni ke cewa a ƙara na rage zafi, a rage ruwa. Ƙaramin Likita ke juya shi, shi ke shafa masa mai a baya, shi ke ba shi kunu a cokali. Gwaggo ta tsufa, amma bakinta bai tsufa ba. Ta shiga ta ce, “Yaya, wai kunyar nan har kabari za ka kai ta? Yaron nan fa furfura gare shi!” Baba ya rufe ido kamar barci ya ɗauke shi. Na tsani Ƙaramin Likita a kwanakin nan, tsana ta gaske, ina kuma yi masa godiya kullum da safe.

Da hantsi Baba ya cika, ranar wata Laraba, kansa a kan cinyar Ƙaramin Likita. Ni ina tsakar gida ina waya da mai kawo iskar numfashi. Salatin Gwaggo ne ya gaya mini.

Aka ɗora ruwa, aka aika a sayo likkafani, aka kawo ganyen magarya. Ƙaramin Likita ya naɗe hannun riga, idonsa jawur, ya nufi ɗakin da aka shimfiɗe Baba. Ban yi mamaki ba. Shi ya yi ta bin Baba wankan gawa tun muna ɗalibai, shi ya san yadda ake yi. Na ja gefe na ba shi hanya. Sai Baffa ya sa sanda ya tare ƙofar.

“Dakata, ɗana. Akwai wasiyya. Yaya ya ce ɗansa na fari ne zai wanke shi.” Kuma Baffa ya faɗi sunana. “Haka ya faɗa, da sunan, da bakinsa, na ji da kunnena. Ya ce ni in zuba ruwa, kai kuma ka tsaya a bakin ƙofa.”

Na ce, “Baffa, ban iya ba. A inda nake aiki, in mutum ya cika, wasu ne ke zuwa su tura shi. Ban taɓa yi ba.”

“Ya san ba ka iya ba. Shi ya sa ya ce wannan ya tsaya a ƙofa.”

Na dubi Ƙaramin Likita. Abin da na gani a fuskarsa na san shi sarai, don na yi shekaru ina ganinsa a madubi. Ya ce a hankali, “Duk abin da na yi masa, ashe ba ni ba ne.” Ya sauke hannun rigarsa, ya koma bayan labule. Ban ji daɗi ba kamar yadda na zata zan ji.

Na shiga. Baba ya ƙanƙance, an lulluɓe shi da farin zane. Baffa ya ɗauki buta ya tsaya. Ta ƙasan labule ina hango ƙafafun Ƙaramin Likita. Muryarsa ta shigo.

“Ka yi niyya. Ka naɗe hannunka da ƙyalle. Za ka fara yi masa alwala, sannan ɓangaren dama.” Sannan ya ce, “Dakta, ka murza hannunka tukuna.”

Na murza tafukana har suka yi ɗumi, ko da yake wanda zan taɓa ba zai ji sanyi ba. Na ɗago hannunsa na dama, wanda ya ɗinke dillalin shanu, ya juya jariran unguwa, ya dafa kafaɗar wani a gabana. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Yatsuna suka tafi wuyan hannun da kansu, inda ake jin bugun jini, na tsaya ina jira kamar wawa. Baffa bai hanzarta ni ba, ya bar ni na riƙe har na gaji, sannan ya fara zuba ruwa.

Washegari ne dillalin shanu ya yaye rigarsa a gabana. Da ya gama, ya dube ni ya ce, “Kai fa ɗan Likita, ai kai ka more. Kullum hannunsa na kanka.” Na ce masa haka ne. Har yanzu ina kishinsa, shi da tabonsa, kuma ban ce na yafe wa Baba shekarun bakin ƙofa ba. Sunana ma a bakin Baffa na ji shi, ba a nasa ba.

Ya Allah, bawanka ya ɗumama hannunsa saboda bayinka, ka sanyaya masa makwancinsa, ka yafe masa, ka karɓe shi da sauƙi. In ka haɗa mu a inda babu kunya, ka sa ya kira ni da kansa.